Marshall SV20H: amfilifayar da ba ta bin yayi

Duk wanda ya saurari kundin ƙungiyar kiɗan rok ta AC/DC na 1980, Back in Black, sannan ya sa Power Up na 2020, zai ji gini ɗaya ne: jita ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a dama, ganga tana tafiya a miƙe, kuma akwai sarari tsakanin bugu da bugu. Shekara 40 ne tsakanin kundin biyu. A cikin waɗannan shekarun an yi yayin madannan lantarki da gangunan inji, an yi yayin sassauta tsirkiya don amo ya yi kauri, daga baya kwamfuta ta shigo situdiyo ta zauna. Ƙungiyar da 'yan'uwan juna Malcolm da Angus Young suka kafa a Sidni ta Ostireliya a 1973 ba ta gusa ba. Ko da Malcolm ya rasu a 2017, ɗan yayansu Stevie Young ne ke riƙe da gurbinsa, kuma da irin kayan da irin hannun yake bugawa.

Masu suka suna cewa ai kundi ɗaya suke ta maimaitawa. Mu a ganinmu riƙe amo ɗaya tsawon rabin ƙarni ya fi canza shi wuya, domin irin wannan amon ba shi da inda makaɗi zai ɓuya. Jita ce, da waya, da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sautin jita ƙarfi, mai bawul na gilashi da aka buɗe har ta fara gurnani, sai lasifika. Wanda yake son ya tsaya a kan wannan turbar a yau yana fuskantar matsala ɗaya babba: ainihin amfilifayar da ta haifar da amon, wato Marshall 1959 Super Lead mai wat 100, ta fi ƙarfin kusan kowane ɗaki da kowane ƙaramin dandamali. Amsar da kamfanin Marshall ya bayar a 2019 ita ce Studio Vintage SV20H, kuma ita muke dubawa a nan.

Asalinta a taƙaice. Jim Marshall yana da shagon ganguna a Hanwell, yammacin Landan, kuma a 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka fitar da JTM45, wadda suka gina a kan tsarin amfilifayar Fender Bassman ta Amurka. Makaɗa irin su Pete Townshend na The Who suka nemi ƙarin ƙarfi, sai Super Lead ta fito a 1965. Lambar 1959 lambar samfuri ce, ba shekara ba. Fuskarta ta gaba da roba mai ƙyalli ta Plexiglas aka yi har zuwa 1969, shi ya sa makaɗa ke ce mata Plexi. Ba ta da maɓallin da ke rage ƙarar ƙarshe. Sai a 1975 Marshall ya saka irin wannan maɓallin a samfurin 2203, wanda daga baya ya shiga jerin JCM800 a 1981.

Abin da ke cikinta

SV20H kai ne kawai, babu lasifika a jikinta. A Bletchley ta Ingila ake haɗa ta, kuma nauyinta bai kai kilo 10 ba, alhali babbar, wato Super Lead, ta haura kilo 20. Bawul ɗinta biyar ne, wato kwalaben gilashin nan da ke ɗaukar zafi suna ƙara wa sigina ƙarfi: ECC83 guda uku, biyu suna aikin matakin farko, ɗaya yana raba sigina gida biyu, sai EL34 guda biyu na matakin ƙarshe. Babbar tana da EL34 huɗu. A bisa al'ada EL34 biyu suna bada wat 50, amma a nan an rage musu wutar da ke shiga cikinsu har suka tsaya a wat 20. Makunnin jiran aiki yana da matsayi uku: ɓangare ɗaya wat 20, tsakiya jira, ɗaya ɓangaren wat 5.

A fuska akwai maɓalli shida: Presence na ƙara kaifi a matakin ƙarshe, Bass na ƙasan sauti, Middle na tsakiya, Treble na kaifi, sai Loudness I na layin High Treble da Loudness II na layin Normal. Ramukan shigar jita huɗu ne, biyu ga kowane layi, na sama mai cikakken ƙarfi, na ƙasa mai rage sigina da kusan desibel 6. A baya akwai ramukan lasifika biyar na om 16 da 8 da 4 (om shi ne ma'aunin nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya), da madauki mai makunninsa na saka feda, wato ƙananan na'urorin sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, da ramin DI na kai sigina kai tsaye zuwa mahaɗar sauti. Shi ke nan. Babu layi na biyu da za a taka a koma, babu amon ɗaki, babu ma'ajiyar saiti, babu wurin sa abin ji na kunne. Wanda ya saba da akwatunan zamani masu ɗaruruwan sautuka zai ga fuskar kamar an manta da wani abu, amma da gangan aka bar ta haka.

Yadda ake fitar da amon

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne ya sa jita a ramin sama na High Treble, ya ɗaga Loudness I zuwa 2, ya ji wani siririn sauti mai sukar kunne, ya yanke hukuncin cewa kayan ba su da kyau. Dalilin yana cikin tsarin. A kan maɓallin ƙarar wannan layin akwai kafasita, wani ƙaramin kayan lantarki, da ke barin kaifin sauti ya tsallake maɓallin ya wuce. Idan maɓallin yana ƙasa, kaifin ne kaɗai ke wucewa da ƙarfinsa, sauran an danne su. Yayin da ake ɗaga shi tasirin kafasitar yana raguwa, a 5 ko 6 sai ka ji tsakiyar sauti ta cika, jikin amon ya fito. Layin Normal kuwa kishiyarsa ne. Shi kaɗai yana da duhu da kauri, kuma idan an buɗe shi sosai ƙasan sautin yakan sake ya yi ta rawa, musamman da jita mai fikof na ninki biyu irin na Gibson. Fikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar motsinsu.

Maganin tsoho ne, tun zamanin babbar ake yinsa: a haɗa layukan biyu. Ka sa wayar jita a ramin sama na High Treble. Ka ɗauki gajeriyar waya, santimita 15 ta isa, ka sa kai ɗaya a ramin ƙasa na High Treble, ɗaya kan a ramin sama na Normal. Yanzu siginar jita tana shiga layi biyu a lokaci guda, kuma maɓallan Loudness biyun sun koma ma'aunin haɗi: na farko yana kawo cizo, na biyu yana kawo jiki. Wurin farawa mai kyau ga jita irin SG ko Les Paul shi ne Loudness I a 6, Loudness II a 3, Bass a 2 ko 3, Middle a 7, Treble a 5, Presence a 4. Da jita mai fikof na ninki ɗaya irin Stratocaster, ka ɗaga Loudness II zuwa 5 ka rage Treble zuwa 4.

Bass ɗin nan da muka ce a bari a ƙasa yana ba mutane mamaki, don sun saba da sa komai a tsakiya. A wannan tsarin ƙaƙƙarfan gurnanin yana faruwa ne bayan sigina ta wuce maɓallan gyaran sauti, a bawul mai rabawa da EL34 biyun. Ƙananan sautuka su ne suka fi cin ƙarfi, don haka idan ka tura su da yawa su ne ke fara cika matakin ƙarshe, sai haɗin tsirkiyoyi ya cakuɗe ka kasa bambanta ɗaya da ɗaya. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da ka ƙara Loudness, ka rage Bass. Lemmy na Motörhead, wanda ya riƙe amo ɗaya daga 1975 har rasuwarsa a 2015, ya kai wannan ƙa'idar ƙurewa a kan Marshall Super Bass ɗinsa, yana kashe Bass da Treble ya buɗe Middle gaba ɗaya, duk da cewa jitar bes yake bugawa.

Wani abin lura shi ne yadda maɓallin ƙara ke tafiya. Daga 0 zuwa kusan 4 ƙara ce ke ƙaruwa, kuma da sauri. Daga nan sama ƙarar ba ta ƙaruwa sosai, kaushi da matsi ne ke ƙaruwa. Tsakanin 5 da 7 ne wurin da SV20H ta fi daɗi: ka buga haɗin tsirkiya shida a buɗe, kowace tsirkiya tana jin kanta, amma gefen amon yana da ƙaiƙayi. Bayan 8 sauti yana daɗewa kafin ya mutu, abin da mai bugun tilo ke so, amma harin farko na bugu yana laushi, kuma ƙugi da tsaki suna ƙaruwa.

Inda mutane da yawa ke ɓata shi ne yawan kaushi. Idan ka saurari jitar Malcolm Young ita kaɗai za ka ji kusan a wanke take. Gretsch Jet Firebird ce ta 1963 wadda ya cire mata fikof biyu ya bar na kusa da gadar da tsirkiyoyi ke hawa kawai, da tsirkiyoyi masu kauri daga 12 zuwa 56, kuma yana dukansu da ƙarfi. Nauyin da ake ji daga hannun dama yake fitowa da kuma yadda jita biyu da bes da ganga ke sauka a lokaci ɗaya, ba daga maɓalli ba. SV20H tana ba da damar yin wannan daidai, saboda tana amsa hannu. Ka taɓa tsirkiya a hankali, amon ya fito a tsabtace. Ka sara, ya yi ruri. Ka mayar da maɓallin ƙarar da ke jikin jita daga 10 zuwa 6 ko 7, kaushin ya janye ba tare da ka taɓa amfilifaya ba. Wannan shi ne madadin layin da ake takawa a koma, kuma shi tsofaffin makaɗa suka dogara da shi duk tsawon dare a kan dandamali. Idan rage maɓallin jita yana sa amon ya dushe da yawa, ka gajarta wayar ta koma ƙasa da mita 6, domin doguwar waya tana shanye kaifi, ko kuma a sa wa maɓallin ƙaramar kafasita da za ta bar kaifin ya wuce.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: ba za ta yafe maka ba. Tsirkiyar da ba ka toshe ba za ta yi kuka, yatsan da bai danna da kyau ba za a ji shi, bugun da ya makara zai fito fili. Ga mai koyo da gaske wannan alheri ne, don tana nuna masa inda gyara yake. Ga wanda ya saba da kaushi mai yawa yana rufe masa kurakurai, makonnin farko za su yi masa nauyi.

Maganar ƙara

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan ne masu saye suka fi yin nadama. Mutum ya ga wat 20 da wat 5 sai ya ɗauka ta ɗakin kwana ce. Ba haka lissafin yake ba. Daga wat 100 zuwa 20 ragin desibel 7 ne kawai. Daga 20 zuwa 5 wani desibel 6. Kunne kuwa sai an rage kusan desibel 10 yake jin ƙara ta ragu da rabi. Lasifikar Celestion V-Type da ke cikin akwatunan da Marshall ya yi wa SV20H tana bada desibel 98 a nisan mita ɗaya da wat ɗaya tak. Da wat 5 ta kai 105, da wat 20 ta kai 111. Hukumar NIOSH ta Amurka mai nazarin lafiyar ma'aikata ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ne kawai. Matsalar ji ce ta sa Brian Johnson, mawaƙin AC/DC, ya dakatar da rangadi a 2016 bisa shawarar likitoci. A sayi matoshin kunne na makaɗa tare da amfilifayar, rana ɗaya, kuma kada a tsaya daidai saitin bakin lasifika.

To tun da daɗin amonta yana sama da 5 a maɓalli, yaya za a yi a inda ba a yarda da ƙara ba? Hanya mafi kyau ita ce na'urar rage ƙarfi da ake sa wa tsakanin amfilifaya da lasifika, wadda ke shanye wani kaso na ƙarfin ta mayar da shi zafi. A nemi wadda ke kwaikwayon yadda nauyin lasifika ke sauyawa da sauti, irin Torpedo Captor na Two Notes ko OX na Universal Audio, domin mai rezista zalla tana danne amon idan an rage da yawa. Om ɗinta dole ya yi daidai da ramin da aka sa ta, kuma ƙarfin da take ɗauka ya ninka na amfilifayar aƙalla sau biyu. A sani cewa bawul ɗin suna aiki ne da cikakken ƙarfi ko da ɗakin shiru yake, saboda haka suna tsufa kamar a dandamali.

Hanya ta biyu mai sauƙi ita ce sa fedar rage ƙara a madaukin baya. Tana aiki, amma a san abin da ake bayarwa. Madaukin yana gaban bawul mai rabawa, don haka rage sigina a nan yana hana matakin ƙarshe yin gurnaninsa, sai a bar ka da kaushin matakin farko kaɗai, wanda ya fi siriri da tsaki. Don motsa yatsu a gida ya wadatar. Don ɗaukar sauti ba shi ba ne amon da aka sayi kayan dominsa.

Shi kansa madaukin yana da wannan iyakar ta wata fuskar. Idan ka sa fedar amsa-kuwwa a ciki, maimaicin da take yi zai bi ta matakin ƙarshe da ke gurnani, sai ya fito a cakuɗe. A Loudness 4 abin yana tafiya lafiya, a 7 sai ka rage yawan maimaicin sosai. Ba lahani ba ne a wannan samfurin kaɗai, haka duk amfilifayar da ba ta da maɓallin ƙarar ƙarshe take. Masu son amsa-kuwwa mai tsabta suna ƙara ta ne bayan makirufo, a mahaɗar sauti. Ramin DI kuma yana da amfani a matsayin na ko-ta-kwana a dandamali, amma bai kai makirufo a gaban lasifika ba, kuma amfani da shi bai ba ka damar cire lasifika ba.

A ɗakin gwaji tare da mai ganga kuwa, wat 20 ya zauna daidai. Tana fitowa a cikin ƙungiya mai jita biyu da bes ba tare da ta danne mawaƙi ba, saboda ƙarfinta a tsakiyar sauti yake. Abin da ba za ta bayar ba shi ne amo mai tsabta tsaf a wannan ƙarar. Kafin ta kai ga tsayawa da ganga mai ƙarfi ta riga ta fara kaushi.

Lasifika da makirufo

Rabin amon a akwatin lasifika yake. Marshall ya yi mata SV112 mai lasifika ɗaya ta inci 12 da SV212 mai biyu a tsaye, duka da V-Type mai ɗaukar wat 70. Suna da kyau, amma wanda ke neman tsohon amon nan mai ɗumi zai fi samunsa a Celestion G12M, wadda ake kira Greenback, mai wat 25. Tana tausasa kaifin layin High Treble, tana kuma fara nata kaushin da wuri. Sai dai kada a sa ɗaya tak. Wat 20 da aka rubuta ma'aunin sauti mai tsabta ne, amfilifaya mai bawul da aka ƙure tana iya fitar da abin da ya zarce haka sosai, kuma zafin yana iya ƙona naɗin wayar lasifika. Biyu sun fi aminci: biyu masu om 16 a haɗin gefe da gefe suna bada om 8, biyu masu om 8 a haɗin jere suna bada 16. Lasifikar Vintage 30 tana da desibel 100 da tsakiya mai tsini, tare da wannan kan tana iya yin tsauri sai an rage Presence zuwa 2. Idan akwai akwati mai lasifika huɗu a rufe, kan yana tuƙa shi ba matsala, kuma a nan ne ya fi kusantar babbar.

Wajen ɗaukar sauti, a sa makirufon Shure SM57 a nisan santimita 2 zuwa 3 daga ƙyallen akwati, a saitin inda murfin tsakiyar lasifika ya haɗu da takardarta. Matsawa tsakiya yana ƙara kaifi, matsawa gefe yana ƙara duhu, kuma santimita 2 na matsawa ya fi juya Treble tasiri. Haska ƙyallen da tocila don ganin inda tsakiyar take, a sa ɗan salatif a wurin da aka samu. A ɗauki jitar rakiya da kaushi ƙasa da yadda kunne ke so a cikin ɗaki, domin idan an ɗora jita biyu kaushinsu yana haɗuwa.

Abin da ke lalacewa da dalilinsa

Babbar ɓarna, mai tsada kuma, ita ce kunna ta ba lasifika a jone. Taransifomar fitar da sauti idan ba ta da inda za ta sauke ƙarfinta, wutar tana dawowa da tsananin da ke huda rufin naɗinta ko ta ƙona mazaunin bawul. Kafin a taɓa makunni a duba bayan kai da bayan akwati. A karanta om ɗin da ke rubuce a akwatin a sa a raminsa. Kuma a yi amfani da wayar lasifika, ba wayar jita ba. Kawunansu iri ɗaya ne, shi ya sa ake rikita su, amma zaren cikin wayar jita siriri ne, yana iya yin zafi ya tsinke, idan kuwa ya tsinke amfilifaya ta zama ba lasifika tana tsakiyar aiki.

Wajen kunnawa, makunnin jira yana tsakiya, a ba ta wuta, a jira minti ɗaya ko biyu bawul su ɗumama, sannan a zaɓi wat 20 ko 5. Bayan an kashe a bar ta ta huce kamar minti 10 kafin a ɗauka, don ƙarafan cikin bawul sun fi rauni idan suna da zafi. A bar mata iska ta baya, kada a ɗora komai a kanta. A kuma duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bayanta, domin akwai ta bolt 230 akwai ta 120, kuma ba a musanya su.

Idan ta fara wani siririn kuka ko ƙararrawa ko da an rufe maɓallin jita, yawanci ECC83 na farko ne ya fara jin girgiza. A ɗan ƙwanƙwasa gilashinsa da bayan fensir tana kunne, idan ƙarar ta fito da ƙarfi a lasifika shi ne, a canza. Idan ƙarfi ya ragu, ƙasan sauti ya yi laƙwas, ko fis yana ta ƙonewa, EL34 ne ake fara zargi. Idan aka ga farantin ƙarfen cikin ɗayansu ya yi ja, ba ɗan hasken lemu na zaren ɗumamawa ba, a kashe nan take. Ana canza su ne biyu tare, kuma a sayi waɗanda aka auna aka daidaita. A nan SV20H tana da sauƙin da babbar ba ta da shi: matakinta na ƙarshe yana daidaita wutarsa da kansa ta hanyar rezistar katod, ba sai an kai wa mai gyara ya saita ba duk lokacin da aka canza bawul. Wannan tsarin ne kuma ya sa take ɗan fi babbar laushi da matsi a ƙarƙashin yatsa, kuma ƙasanta ba ya dukan ƙirji kamar na wat 100. Fis idan ya ƙone a sa mai lamba ɗaya da nau'i ɗaya, kada a ƙara masa girma. Cikin akwatin ƙarfen kuwa a bar wa ƙwararre, domin manyan kafasitoci suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare filogi, kuma suna kisa.

Wa ta dace da shi

Ba za mu raina kayan dijital ba. Tun daga POD na Line 6 a 1998 zuwa Kemper a 2011 sun yi nisa ƙwarai, manyan ƙungiyoyi da dama da su suke rangadi, kuma ga mai buga waƙoƙin mutane daban-daban a dare ɗaya, ko mai zama a gidan da bango ke haɗe da na maƙwabci, su ne zaɓin hankali. Mai buga nau'in rok na zamani mai tsirkiya bakwai da ƙasa mai tsauri shi ma ba nan ne wurinsa ba. Ko da fedar ƙara ƙarfi a gaba, SV20H ba ta kai matsin da yake nema. Wanda yake son amon Marshall amma dole sai da maɓallin ƙarar ƙarshe, ya duba 'yar'uwarta SC20H da aka gina a kan JCM800, ta fi sauƙin zama da ita a gida.

Amma ga ƙungiyar da ta san amon da take so kuma ta ƙudura tsayawa a kansa, ƙarancin zaɓin nan shi ne amfaninta. Akwati mai sautuka ɗari yana jan makaɗi ya yi ta canzawa, yau wannan gobe wancan, har masu sauraro su kasa gane ƙungiyar daga bugun farko. Da maɓalli shida da waya ɗaya ta haɗi, ana gama saiti a zama ɗaya, sauran lokacin ya tafi a kan hannu da tsarin waƙa. Muna ba da shawararta ga mai ɗakin gwaji ko dandamali inda zai iya buɗe ta zuwa 6, da akwati mai Greenback biyu idan hali ya yi. Wanda zai yi yawancin bugunsa a gida ya lissafa na'urar rage ƙarfi a cikin sayayyar tun farko, kuma ya gwada kan a ƙarar da zai riƙa amfani da ita, da layukan a haɗe, kafin ya biya.